Adon Kirsimati Daga Bayan Gida: Aikin Kaka da Jika

Kalmar nan "kaka" abu biyu take nufi a Hausa: lokacin da amfanin gona ya shigo gida, da kuma tsoho ko tsohuwar da Allah ya nuna musu 'ya'yan 'ya'yansu. A watan Disamba su biyun suna haɗuwa. An yanke dawa, an jingine kara, duma ya bushe a kan danga, an rufe makarantu, jikoki kuwa sun cika gida, waɗansunsu ma daga birni aka kawo su hutu. Wannan takarda domin kakanni ce, maza da mata. Shugabannin Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi, ina roƙo ku karanta wa tsofaffin da idonsu ya yi rauni.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da nake gani a kasuwannin ƙauye duk shekara idan Kirsimati ta matso. Hatsi yana araha domin kowa ya fito da nasa. Magidanci ya sayar da mudu goma, ya saya wa yara tufafi da takalma, wannan ba laifi. Amma sai kuma ya ƙara sayar da waɗansu domin ya sayi igiyar ƙyalƙyali, da balan-balan, da ƙwallayen roba masu walƙiya. Kafin sabuwar shekara balan-balan sun fashe, ƙura ta dusashe ƙyalƙyalin, akuya ta tauna sauran. Hatsin nan kuwa shi ne za a nema a watan Agusta, da tsada, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa ga kuma aikin noma. Ba na cewa kada a yi wa gida ado. A yi, gama ranar murna ce. Abin da nake cewa shi ne yawancin kayan adon suna nan zube a bayan gida, masu sanin yadda ake sarrafa su kuma suna zaune a gindin bishiya ba wanda ya tambaye su.

Asalin abin, aikin hannu ne

Mutane da yawa suna tsammani adon Kirsimati na gaske sai wanda ya fito daga kanti. Ba haka ba ne. Al'adar kafa itace a ɗaki a yi masa ado ta taso ne daga ƙasar Jamus da kewayenta, wajen ƙarni na 16. Abin da suke ratayawa a lokacin kuwa shi ne abin da suke da shi a gida: 'ya'yan itatuwa, da ƙwayoyi masu ɓawo, da furannin takarda da suka yanka da hannunsu. A 1848 wata jarida ta London ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta da 'ya'yansu sun kewaye irin wannan itace, daga nan abin ya bazu a Ingila, ya kai Amurka. Ƙwallayen gilas masu walƙiya an soma hura su a wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Lauscha a tsakiyar ƙarni na 19. Na roba da muke gani yanzu, yawancinsu daga ƙasar Sin suke zuwa. Shi kuma siffanta wurin haihuwar Yesu, an fi danganta farkonsa ga Faransis na Asisi, wanda a 1223 a ƙauyen Greccio na Italiya ya sa aka kawo komin dabbobi na gaske, da ciyawa, da sa, da jaki, domin talakawan da ba su iya karatu ba su gani da idonsu.

Har yau kowace ƙasa da abin da ta samu take yi. A Suwidin da karan hatsinsu suke ɗaura taurari da siffar akuya. A Filifin suna yin babban tauraro da gora da takarda su rataya a ƙofa. A Indiya akwai gidajen da itacen mangwaro ko ayaba suke yi wa ado. To, mu da muke da karan dawa, da kaba, da ƙwarya, me ya hana mu?

Kara

Da kara za a fara, domin ba abin da yaronmu ya sani kamarsa. Wanda ya iya motar kara da tabaran kara, tauraro ba zai gagare shi ba. A zaɓi sille, wato siririn sashen nan na can sama kusa da zangarniya, wanda ya bushe sarai, ba ruɓa ba ƙwaro. A yanka guda biyar tsawonsu ɗaya, misalin taƙi guda. Idan ɗaya ya fi sauran tsawo tauraron zai karkace, saboda haka a jera su a daidaita bakinsu kafin a soma.

A shimfiɗa biyu a ƙasa, kawunansu a haɗe a sama, ƙafafunsu a buɗe, kamar jinka. A ɗaure saman. Na uku ya tashi daga ƙafar hagu ya gitta zuwa sama ta dama. Na huɗu ya tashi daga ƙafar dama ya gitta zuwa sama ta hagu. Na biyar a gicciye, ya haɗa bakin na uku da na huɗu. Ga tauraro mai tsini biyar. Asirin ƙarfinsa abu biyu ne: a riƙa sa kowane sille ya bi ta kan wannan ya shiga ƙarƙashin wancan, kamar saƙar zana, a kuma yi ɗan tsagi kusa da kowane baki domin zare ya sami wurin zama. Zaren rama da aka murza a cinya ya fi zaren leda na buhu riƙo, gama na leda santsi gare shi, yakan kwance da kansa. Tsagi da wuƙa aikin kaka ne. Riƙe kara da ɗaure zare aikin jika ne.

Ɓawon kara yana da kaifi kamar reza, yana kuma sa sartse. Yaro ƙarami kada ya ɓare shi. Amma idan kaka ya ɓare, totuwar ciki mai laushi ce, yaro ɗan shekara biyar zai iya yanka ta gunduwa-gunduwa da tsinke, ya soke ta da siraran ɓawon ya yi tunkiya, ko jaki, ko ɗan komi. Totuwar nan tana shan rini sosai. Idan aka yanka ta ƙanana aka rina, aka shirya a zare, sai ka ce duwatsun wuya.

Ɓawon masara busasshe, idan aka jiƙa shi a ruwan ɗumi kaɗan, yana lanƙwasuwa ba ya tsagewa. A naɗe ɗaya a ɗaure wuya ya zama kai da riga, a tattara wani a ɗaure tsakiyarsa a maƙala a baya ya zama fikafikai, ga mala'ika. Gemun masara shi ne gashi. Tsofaffin da suka iya saƙar faifai da kaba kuwa, ba sai na koya musu ba. Su saƙa ƙanana kamar tafin hannun jariri, masu launi biyu, su sa musu maratayi.

Ƙwarya, da kokiya, da yumɓu

Ƙananan duma waɗanda ba su girma sun isa ƙoƙo ba, da ludayin da ya karye, da sakaina, duk yar da su ake yi, alhali su ne ƙwallayenmu. A kankare bayansu da yashi da ruwa, a shanya. Matan Ga'anda da na Tera da na Fulani sun shahara da zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, a gidaje da yawa kuma akwai tsohuwar da ta iya. Ga yadda za a raba aikin: jika ya zana abin da yake so da gawayi, kaka ta bi sawun zanensa da wuƙar wuta, shi yana zaune nesa da murhu. Kada ta gyara masa zanen. Idan raƙuminsa ya yi kama da zakara, a bar shi haka nan, nasa ne.

Inda akwai kokiya a jeji, ƙoƙonta ya fi komai kama da ƙwallon kanti, gama a mulmule yake, ga tauri. A huda, a kwashe cikin, a shanya. Sai nunanniya za a ɗauka, 'ya'yan cikinta kuma ba a tauna su, a zubar inda yara ba za su tsinta ba. Ƙoƙon kuka ma yana yi, sai dai gashin bayansa yana da ƙaiƙayi, a goge shi da yashi tukuna. Ƙwallon goruba da aka gama gwagwiya, a wanke, a shafa masa farar ƙasa, ya zama tunkiya ko kan mutum.

Yumɓu kuwa, a samo irin wanda masu ginin tukwane suke ɗiba. A cuɗa shi da ɗan garin katanga ko lallausan yashi domin kada ya tsage. A daddale shi kaurin ɗan yatsa, a yanka da bakin gwangwani ko murfin kwalba, a huda wurin zare tun yana ɗanye, gama idan ya bushe ba ya huduwa sai ya fashe. A shanya a inuwa cikin ɗaki, a riƙa juyawa. Iskar hunturu tana busar da waje kafin ciki, wanda aka sa a rana da iska tun ranar farko zai dare. Bayan mako guda, in ana so ya daɗe, a roƙi mai tukwane ta sa a gefen nata in za ta gasa. Wanda bai bushe sarai ba zai fashe a wuta.

Na ga littattafan Turawa suna cewa a kwaɓa fulawa kofi biyu da gishiri kofi ɗaya a yi irin wannan. Yana yi, amma ni ban ga dalilin ɓata abinci ba a ƙasar da yumɓu yake kyauta. Ban da haka, da damina ta zo gishirin zai ja laima, abin ya yi laushi ya narke.

Da yumɓun nan ne za a gina mutanen wurin haihuwar. A buɗe Luka sura 2 da Matiyu sura 2, babban jika ya karanta, ƙanana su ƙidaya mutum nawa za a gina. Za su yi mamaki su ga Matiyu bai faɗi yawan masanan nan na gabas ba, kyautai ne ya lissafta guda uku, Luka kuma bai ambaci sa ko jaki ba. Ba dole a yi musu fuskar Turawa ba. Makiyayi da malfa da sanda a kafaɗa, irin wanda yaran suke gani yana wucewa kullum, ya fi kusa da gaskiyar labarin. Bukkar kuwa da kara da ɗan guntun zana.

Manne da launi

Ga inda ake kashe kuɗi a banza. Manne iri biyu muke da shi a gida. Na fari kokon sitaci: babban cokali biyu na sitacin rogo, a dama da ruwan sanyi kaɗan, a zuba cikin tafasasshen ruwa cikin gwangwanin madara ɗaya, ana motsawa a kan wuta har ya yi kauri ya washe. A bari ya huce. Wannan ya isa takarda da ɓawon masara. Yakan yi tsami bayan kwana biyu ko uku, saboda haka a dama kaɗan kaɗan. Na biyu ƙaro, musamman na dakwara, wanda ake kawowa daga wajen Barno da Yobe da Jigawa. Awo ɗaya na ƙaro, awo biyu na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma. Ya fi koko kama ƙwarya da iri, yana kuma sa abu ya yi sheƙi in ya bushe. Shi ne malamai maƙwabtanmu suke sa wa tawada domin ta zauna a allo. Mu ma idan muka zuba kaɗan a cikin farar ƙasa, ko jar ƙasa, ko garin gawayi, launin ba zai goge a hannu ba.

Ja mai kyau yana wurin karan dafi, wanda dukawa suke rina fata da shi. A daka, a jiƙa da ruwan toka ko ɗan kanwa. Rawaya kuwa gangamau. Baƙi, a jiƙa bagaruwa tare da tsohon ƙarfe mai tsatsa kwana biyu. Shuɗi ya fi wuya a gida, amma ɗan bula na wanki ya isa. Zoɓorodo yana ba da ja mai ɗaukar ido, sai dai ba ya jimrewa, rana tana cinye shi. Duk da haka a dafa kaɗan saboda wani abu: a zuba a ƙoƙo biyu, jika ya ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, ya ga ja ya juye ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore a gabansa. Gangamau ma da ya ji kanwa sai ya koma ja. A kwalejin horon malamai da kwalabe da magunguna masu tsada aka nuna mana wannan, ashe yana nan a madafar kowace tsohuwa.

Abin da ya cancanci a saya a kasuwa kaɗan ne: zare mai ƙarfi, da babbar allura, da almakashi mai dakusasshen baki irin na 'yan makaranta, da alli mai launi. In da hali, a ƙara da ƙaramar robar farin gam na kafinta, wanda ake wankewa da ruwa. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya tare, gama almakashi ɗaya ya ishi unguwa. Takarda mai launi ba dole ba ce. Tsohuwar kalanda, da kwalin sabulu, da takardar buhun siminti da aka kakkaɓe aka goge, duk suna yi. Domin sarƙar takarda a yanka faɗin inci ɗaya, tsawon inci shida, a manne baki da baki, a zura na gaba a ciki. Yara 'yan shekara huɗu suna iya wannan, suna kuma koyon ƙirga a kai. Abu ɗaya: kada a yanka takardar da take da nassi a jiki, ko tsohon Littafi Mai Tsarki ne ko littafin waƙoƙi, ko kuwa rubutun addinin maƙwabtanmu da aka tsinta. Abin ado yakan ƙare a bola, ba ma so mu ga wannan a can, su ma ba sa so.

Kyan ɗan maciji

Wannan sashe ina roƙo a karanta shi sau biyu, a kuma faɗa a taron mata.

Ba irin da ya kai idon zakara kyau, ja wur da ɗigon baƙi, yara kuwa suna son tsintarsa. Dafin da yake cikinsa yana daga cikin mafi muni da aka sani a tsiro. Ƙwaya ɗaya da aka tauna sosai tana iya kashe yaro, ba kuwa a da makarinsa. Muddin ɓawonsa bai fashe ba dafin yana kulle, amma mai shirya shi a zare dole ya huda, daga nan an buɗe ƙofa. A 2011 a Ingila sai da aka janye mundayen da aka yi da shi daga kantuna saboda wannan. 'Ya'yan zurma masu zane-zane, da na cin-da-zugu da muke shinge da shi, da na zaƙami, dukansu kada su shiga wannan aiki. Idan yaro ya tauna ɗaya daga cikinsu, a kai shi asibiti nan da nan tare da samfurin abin da ya ci. Kada a ce ai ga shi yana wasa lafiya, gama alamun idon zakara da zurma sukan jinkirta, wani lokaci har kwana ɗaya ko fiye. Irin da ba shi da haɗari yana da yawa: masara, da wake, da gujiya, da 'ya'yan tsamiya, da na kuka, da ƙwallon dabino. A jiƙa su kwana su yi laushi, kaka ta huda, jika ya shirya.

Amma a lura da masarar. Ragowar irin shuka da aka saya a leda, mai launin ja ko ruwan hoda, ba ado aka yi masa ba. An cuɗa shi da maganin ƙwari, launin kuwa gargaɗi ne. Kada yaro ya taɓa shi. Haka nan hatsin da aka zuba wa maganin ajiya. Kwalba ko gwangwanin maganin feshi kuma, kome wankin da aka yi masa, ba wurin dama rini ba ne.

Tumfafiya tana da auduga mai sheƙi a cikin ƙwallonta, yara suna sha'awarta. Farin ruwanta idan ya shiga ido yana ƙona shi, har ya dushe gani. Haka ruwan tinya da ƙyarana. In ya faru a wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa, a daɗe ana zubawa, sa'an nan a tafi asibiti.

Sai fenti. Ragowar fentin mai da aka shafa wa ƙofa kada a ba yara. An sha auna irin wannan fenti a kasuwannin ƙasar nan ana samun dalma a ciki, musamman rawaya da ja. Mun ga abin da dalma take yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wadda ba ta kai ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya gane karatu, ba wanda ya san dalili. Kwalli ma sau da yawa dutsen dalma ne, kada a yi wa 'yar tsana ido da shi, gawayi ya isa. Gam ɗin nan mai kamawa nan take yana manne yatsu da fatar ido, idan kuma ya zuba a kan auduga zafi yake yi har ya ƙona fata. Sholisho kuwa kowa ya san abin da warinsa yake yi wa samari.

A cikin kayan kanti, wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, wanda yake cikin ƙananan fitilu masu ƙyaftawa da katin gaisuwa mai kiɗa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona hanyar abinci. Kada a sa shi amai, a kama hanyar asibiti. Idan ya wuce shekara ɗaya da haihuwa, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10 a kan hanya, har sau shida, tana rage ƙunar kafin a isa. Jariri da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma. Ga mai rarrafe da duk wanda bai kai shekara uku ba kuwa, ga ma'auni mai sauƙi: kaka ta haɗa babban yatsa da manuni ta yi zobe, duk abin da ya wuce ta ciki zai iya shaƙe shi. Irin wannan a rataye shi sama. Fasasshen balan-balan ya fi duka saurin toshe numfashi.

Wuta kuma. Kara, da kaba, da audugar rimi, da takarda, ga iskar hunturu, ga jinka. Kyandir ko aci-bal-bal kada ya kusanci adon ko kaɗan. Audugar rimi musamman, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Wanda ya huda ƙwarya ya yi fitila mai taurari, ƙaramar tocila zai kifa ta a kai, ba wuta ba.

Itacen da za a rataya

Kada a sare ɗanyen itace saboda biki na mako biyu, itatuwanmu sun riga sun yi kaɗan. Busasshen reshe mai rassa da yawa, wanda ba shi da ƙaya, a kafa shi a tsohon bokiti da yashi da duwatsu, a shafa masa farar ƙasa, ya yi kyau ƙwarai. Abin da na fi so kuwa shi ne dashe mai rai: ɗan mangwaro, ko lemo, ko gwaiba da yake cikin leda ko tsohuwar tukunya. A rataya masa marasa nauyi kaɗai, a ajiye shi a bakin ƙofa inda haske yake. Bayan biki ya zama na jikan, shi zai riƙa ba shi ruwa, a kare shi daga awaki, in ruwa ya zauna wajen watan Yuni su dasa tare. Jikan da yake birni kuwa a gaya masa itacensa yana jiransa.

Yadda za a zauna da yaro

A soma da wuri, tun ƙarshen Nuwamba a riƙa tara kaya a kwando, gama duma da yumɓu suna bukatar lokacin bushewa. A zauna da hantsi in sanyi ya saki, ko da la'asar, a kan tabarma, ba fiye da abin da yaro zai iya jimrewa ba. Ɗan shekara biyar, in ya yi rabin awa ya yi ƙoƙari. Da ya soma jifan kaji da totuwa, a tashi, gobe ma rana ce.

Tsofaffinmu da yawa da faɗa aka koya musu sana'a, su ma da faɗa suke koyarwa. Wannan aiki ba na faɗa ba ne. Tsakanin kaka da jika ai wasa ne tun asali. Tsohuwa ta ce, "Maigidana, zura mini zaren nan, idon amaryarka ya tsufa." Shi kuma ya ce, "Kaka, ai tauraronki ya fi nawa karkacewa." Da haka aikin yake tafiya. Ita tana da sani, shi yana da ido da yatsu, kowa yana bukatar wani. Tsoho ma kada ya ce wannan na mata ne. Feƙe kara, da murza igiya, da huda ƙwarya, wa ya fi shi?

Ina kuma roƙon kakanni wani abu. Jikokinmu da yawa Hausa da Turanci kaɗai suke ji. Sa'ad da kuke tsintar kaya a jeji, ku faɗa musu sunan kowane itace da kowace ciyawa da harshenku, ko Ngas ne, ko Berom, ko Bura, ko Tangale, ko Jju, ku faɗi amfaninsa, ku nuna musu wanda ba a taɓawa. Ba a koyar da wannan a aji, ni da na yi koyarwa na sani.

Idan an yi da yawa, a kai waɗansu majami'a, a kai wa tsohon da ba shi da kowa, da iyalin da suka baro garinsu suna zaman baƙunci a cikinmu. In za a kai wa maƙwabta abincin Kirsimati yadda aka saba, ɗan faifan da jika ya saƙa zai iya rufe kwanon.

Ajiya

Bayan biki, waɗansu sukan sauke ado ran 6 ga Janairu, waɗansu tun da sabuwar shekara. Sarƙar takarda da duk abin da aka manna da koko ba sa kai wata shekara, gama ɓera da kyankyaso suna bin sitacin, a ƙone su kawai. Na iri a shanya su a rana mai zafi kwana biyu saboda ƙwaro. Ƙwarya da kokiya da yumɓu da taurarin kara a jera su a tsohuwar garwa ko tukunya mai murfi, a shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ƙasa da tsakani, a naɗe na yumɓu ɗaya ɗaya da tsumma. A ɗora a kan dutse ko a rataye, kada ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara. Kafin a rufe, a rubuta sunan yaron da shekarar a bayan kowane ɗaya da biro, ko kaka ta ƙona da bakin wuƙa. A tsakiyar damina a buɗe sau ɗaya, ran da aka sami rana, a shanya a mayar.